Kwalba Marar Suna

A Gadarif, bayan an kaɗe riɗi,
gwiwar Auraki ta kumbura kamar ɗan tulu.
Karon ruwa ya kwana uku a jingine,
unguwa na cigiya, kawu Nomau na tagumi.

Ran kasuwa ya dawo da kwalba cikin aljihun jallabiya,
ruwa garau kamar na randa,
ba takarda, ba suna, murfin ma na aro ne.
Mai talla ya ce ta jirgin ruwa ta iso,
dawakan sukuwa ake shafa wa a garuruwan masu hali.
Ya ce ba ta zama a fata,
ratsawa take har ƙashi.
Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Ni na riƙe akala, kawu ya shafa da tafin hannu.
Auraki ya girgiza kunne, ya yi atishawa.
Kwana biyu sai ga shi yana dafa ƙasa
a hankali, kamar mai gwada zurfin rafi.
Kawu ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba,
ya sayi jabana har da citta, ya raba wa zaure.

Daga nan tunani ya shigo.
Gwiwa ai gwiwa ce, in ji shi,
tawa ta girmi ta jaki da shekara hamsin,
ita ma ta ja kaya.

A yinin ya yi wa maƙwabci feshin kuɓewa,
maganin ƙwari ya bushe masa a hannu da ƙwauri.
Mai sayar da ruwa, gidansa ba ruwa,
jarka ɗaya ce, an ajiye don alwala da tuwo.
Ya karkaɗe hannu a riga,
ya zauna bakin gado, ya buɗe kwalba.

Inna Tabawa ce ta fara ji.
Malam, tafarnuwa ka ci?
Ya rantse bai ci ba.
Warin na fita daga numfashinsa
kamar an daka ta a cikin ƙirji.

Kafin isha'i gumi ya jiƙa tabarma.
Yawu na zuba, ciki na murɗa,
na haska fitila a fuskarsa,
baƙin idonsa ya ƙanƙance
ya koma ƙwayar riɗi guda.

Raksha ta kai mu asibiti, ina riƙe da kansa,
ina ƙirga ramukan hanya don kada in ƙirga numfashi.
Likita Ihlas ba ta tambayi me ya sha ba.
Me ya taɓa? ta ce. Kafin nan kuma me ya taɓa?
Ta sa aka tuɓe shi, aka wanke da sabulu,
allura na bin allura.
Ta ɗaga kwalbar a hasken lantarki.
Wannan ɗan dako ne, ta ce,
ba ya tambayar abin da ke cikin buhu.
Ya tarar da magani, ya shigar.
Ya tarar da guba, ya shigar.
Kuma wa ya sani ko na wanke inji ne aka ɗura muku?

Kwana shida kawu ya yi.
Ya fito da sanda da muryar da ta sirance.
Likitan dabbobi ya zo da safar hannu,
ya duba Auraki, ya ce hutu ne ya fi yi masa aiki,
hutu da tsumma mai sanyi.

Kawu bai yarda duka ba.
Har yau in an zauna yakan ce,
amma dai jakin ya taka.
Inna sai ta miƙa masa sabulu, ba ta cewa komai.

Kwalbar na nan bisa katanga, rabi,
inda yara ba sa kaiwa.
Na rasa inda zan zubar:
ƙasa akwai kaji,
kwata tana bi ta ƙofar makaranta.